Don Allah a daina shafa fenti a kan ruɓaɓɓen katako

A aikina na malamin gandun daji, da wuya wata ya wuce ba a kira ni duba ginshiƙi ko ƙyaure ko katakon rufi da ya lotsa ba. Kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: sabon fenti yana ta sheƙi, amma da na dangwala tsinin wuƙa sai ta nutse kamar a cikin soso. In na tambayi mai gida sai ya ce, "Malam, gani na yi ya yi baƙi, shi ya sa na sa aka shafe shi."

Jama'a, don Allah ku bari. Fenti ba ya kashe abin da ke cin katakon, rufa masa asiri kawai yake yi.

Da yawa gara suke zargi, alhali naman gwari ne, dangin naman kaza. Zarensa sirara ne ƙwarai, yana ratsa cikin itace ido bai gani ba. Abin da ke ba itace tauri wani sinadari ne da ake kira lignin, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na busasshen itace. Shi ke riƙe zaruruwan itacen kamar yadda siminti ke riƙe rodi, kuma halittu ƙalilan ne ke iya narkar da shi. Naman gwarin da ke kawo farar ruɓa yana iyawa. Yakan tsattsafo da wasu sinadaran narkarwa, su yi ta kakkarya lignin ɗin har katakon ya yi fari, ya yi laushi, ya riƙa sulluɓewa zare-zare. Akwai kuma mai jar ruɓa: shi zaruruwan yake cinyewa ya bar lignin, sai katakon ya tsattsage gida-gida, in ka murza ya zama gari.

Duk wannan ɓarna ba ta yiwuwa sai da danshi da iska. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ba ya ruɓa. Wanda ya nutse cikin laka inda iska ba ta kai shi ma yakan daɗe, shi ya sa turakun da aka gina birnin Benis na Italiya a kansu suka yi ɗaruruwan shekaru. To kai da ka shafa fenti a kan jiƙaƙƙen katako, me ka yi? Ka kulle danshin a ciki, ka hana shi fita. Ka gyara wa ɓarawo ɗaki, ka ja masa ƙofa!

Na san ba da gangan kuke yi ba. Kowa yana son gidansa ya yi kyau, kuma canza katako akwai ɗawainiya. Amma abin da ke ɗaga mini hankali shi ne, katako yana rasa ƙarfinsa tun kafin ya nuna alama a waje. Ranar da ka ga naman kaza ya tsiro a jikinsa, aikin gama ya gama a ciki. Na taɓa ganin uwa ta shimfiɗe jaririnta a ƙarƙashin irin wannan rufin, fenti fari tas, alhali da yatsa na ɓantare gefen katakon. Har yau abin yana raina.

Ga abin yi, a gaggauce:

- A fara toshe yoyon da ke jiƙa wurin.
- A soka wuƙa ko ƙusa; in ta shige da sauƙi, a kira kafinta.
- A yanke ruɓaɓɓen har a shiga cikin mai lafiya, a fitar da shi daga gidan.
- Kada a jibge katako a ƙasa; a ɗora shi a kan bulo, iska ta ratsa.
- Sabon katako ya bushe sarai, a sa masa maganin kariya, sannan fenti.

In kuwa katakon da ke ɗauke da rufi ne ya yi laushi, a kwashe yara daga ɗakin yau, a tokare shi kafin kafinta ya iso.