Iyo a Ruwan Sanyi

Iyo a ruwan sanyi shi ne shiga kogi, tafki ko teku da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, ko don motsa jiki, ko gasa, ko ibada, ko neman lafiya. Al'ada ce ta ƙasashen da ruwa kan daskare da hunturu, har sai an fasa ƙanƙara kafin a samu mashiga. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, don haka sanyin da mutum zai jure a tudu na iya halaka shi a cikin ruwa.

Inda ake yin sa

A Finlan ana huda rami a kan daskararren tafki, mutum ya fito daga ɗakin sirace da suke kira sauna ya tsunduma, ya sake komawa. A Rasha, mabiya cocin Otodoks kan shiga ruwan ƙanƙara ranar 19 ga Janairu don tunawa da baftismar Yesu. Ƙungiyar masu iyo ta tafkin Serpentine a Landan tana gasar ranar Kirsimeti tun 1864, a Holan kuma dubban mutane ne ke faɗawa teku a Scheveningen ranar sabuwar shekara.

Ya kuma zama wasa mai dokoki. Ram Barkai na Afirka ta Kudu ya kafa ƙungiyar iyon ƙanƙara ta duniya a 2009, wadda ba ta amincewa da iyon mil guda sai ruwan bai wuce digiri 5 ba, mai iyon kuma ba ya sanye da komai sai kamfai, hula da tabarau. Kafin nan Lynne Cox ta ƙetare mashigin Bering tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a 1987, Lewis Pugh kuma ya yi iyon kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya a 2007, cikin ruwan da ya yi ƙasa da sifili.

Abin da ke faruwa da jiki

Yawancin mutane suna zaton daskarewar jiki ce ke kisa. Binciken Frank Golden da Mike Tipton a Birtaniya ya nuna da yawa ba sa kai wa nan, tun a mintunan farko ruwa ke cinye su.

Da zarar sanyi ya bugi fata, mutum kan ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba. Idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Sai haki ya biyo baya, wanda ya saba riƙe numfashi na minti guda ya kasa riƙe na daƙiƙa goma. Jijiyoyin jinin fata su tsuke, jini ya hau, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Wannan firgitar jiki ta fi tsanani a ruwa mai digiri 10 zuwa 15, tana kuma lafawa cikin minti ɗaya zuwa uku. Akwai wani haɗarin ɓoye: sanyi a jiki yana umartar zuciya ta ƙara gudu, ruwa a fuska kuma yana umartar ta ta rage. Karon umarnin biyu na iya hargitsa bugunta, har ga matashi mai lafiya.

Wanda ya tsallake wannan sai ya gamu da mutuwar gaɓɓai. Tsoka da jijiyoyin hannu suna yin sanyi, yatsu su kasa kama igiya, ƙwararren mai iyo ya ga hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Daskarewa ta ainihi, wato ɗumin cikin jiki ya sauko daga digiri 37 zuwa ƙasa da 35, takan ɗauki babban mutum kimanin rabin sa'a ko fiye. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lambobi uku, 1-10-1: minti ɗaya na daidaita numfashi, minti goma na motsi mai amfani, da kusan sa'a ɗaya kafin a suma, in dai akwai rigar ceto da ke riƙe kai a sama.

Jiki yana sabawa. Shiga biyar ko shida na gajeren lokaci kan rage firgitar farko da kusan rabi. Amma sabo ba ya hana gaɓɓai mutuwa.

Batun lafiya

Masu wannan iyo suna ba da labarin nishaɗi da wartsakewa, kuma gaskiya ne sanyi na sa jiki ya saki sinadaran da ke farkar da mutum. Sauran iƙirarin, na ƙarfafa garkuwar jiki, rage ƙiba da maganin ciwon damuwa, hujjarsu ba ta kai ƙarfin hujjar haɗarin ba, domin yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi, masu lafiya tun asali. Wani babban gwaji da aka buga a Holan a 2016, mai mutane sama da 3,000, ya gano cewa masu ƙarasa wankansu da ruwan sanyi sun rage fashin aiki saboda ciwo da kashi 29 cikin ɗari, sai dai kwanakin da suka yi ba lafiya ba su ragu ba. Wannan ma wanka ne a banɗaki, ba iyo a tafki ba. Masu ciwon zuciya, hawan jini ko farfaɗiya su ne suka fi shiga haɗari, kuma likitoci kan nemi a tuntuɓe su tukuna.

Kariya a daji da bakin ruwa

Tafkin kan dutse da kogin da narkakkiyar ƙanƙara ke ciyarwa suna nan da sanyinsu ko ana tsananin rana, abin da ke yaudarar matafiya da gumi ya jiƙa. Ƙa'idar masu iyo ita ce a shiga a hankali ba tsalle ba, kada mutum ya je shi kaɗai, a san mafita kafin a shiga, a bi gefen gaɓa, kuma a guji giya. Wanda ya faɗa bisa tsautsayi, ƙungiyar ceto ta RNLI a Birtaniya tana koya masa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya dawo, sannan ya nemi taimako. Mai rigar ceto da ba shi da inda za shi ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji. In suna da yawa su rungumi juna.

Fitowa ba ta kawar da haɗari. Ɗumin ciki yana ci gaba da sauka bayan an bar ruwa, shi ya sa rawar ɗari kan fi tsanani bayan 'yan mintuna. A cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai, a sha abu mai ɗumi da zaƙi, ban da wanka da ruwan zafi nan take. Wanda ya jima a ruwa a kwance ake fito da shi, ba a mulmula masa hannu da ƙafa, domin jininsa na iya faɗuwa ko zuciyarsa ta tsaya a hannun masu ceto. Likitoci kuma ba sa gaggawar yanke ƙauna: a 1999 Anna Bågenholm ta yi minti 80 a ruwan ƙarƙashin ƙanƙara a Norwe, ɗumin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, aka ɗumama jininta da na'ura a asibitin Tromsø, ta farfaɗo har ta koma aikin likita.