Alamomin farfaɗowar kasuwar gidaje da ake gani da ido

Alamomin farfaɗowar kasuwar gidaje da ake gani da ido su ne abubuwan da dillalai, magina da mazauna unguwa kan lura da su, su gane cewa ciniki ya fara dawowa tun kafin alƙaluma su fito. Dalilin dogaro da su shi ne alƙaluma kan makara. Ma'aunin Case-Shiller na farashin gidaje a Amurka, alal misali, yana fitowa ne bayan kusan wata biyu, kuma matsakaicin cinikin wata uku yake ɗauka.

An fi ganin waɗannan alamomi a Amurka, inda farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya yi ta zubewa har farkon 2012, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa. A biranen da abin ya fi yi wa illa, irin su Phoenix da Las Vegas, gidan da banki ya ƙwace saboda an kasa biyan bashinsa ba ya ɓuya. Ciyawar ƙofar gida ta bushe, takardu sun taru a akwatin wasiƙa, ruwan wurin ninƙaya ya koma kore shar da gansakuka, sauro na ta hayayyafa a ciki. Ranar da maƙwabta suka ga an kwashe ruwan, an girke babban mazubin shara a bakin titi ana loda masa tsohon kafet da fasassun tayil, sun san gidan ya sami mai shi.

Allon dillali ma yana magana. Wanda a da yakan shekara a kafe har rana ta cinye fentinsa, sai ga shi cikin mako biyu an liƙa masa "an sayar". Masu saye kan yi rububi a kan gida ɗaya, wani ya taya sama da kuɗin da aka sa, wani har ya rubuta wa mai gidan wasiƙar lallashi don ya sallama masa. Su kansu dillalan sukan dawo: mambobin ƙungiyarsu ta ƙasa sun haura miliyan 1.3 a 2006, suka ragu zuwa wajen miliyan 1 a 2012, daga nan suka sake hawa, don inda la'ada take can ake tururuwa.

Akwai kuma ƙaruwar cinikin motocin a-kori-kura irin su Ford F-150, abin hawan 'yan kwangila, da wahalar samun kafinta ko mai gyaran famfo. A Dublin ta ƙasar Ayalan, inda farashi ya faɗi da fiye da rabi, jaridar Irish Times ta riƙa ƙirga injinan ɗaga kaya masu dogon wuya da ake hangowa a saman birnin, a matsayin alamar dawowar gine-gine.

Raunin waɗannan alamomi shi ne ba sa faɗin wanda ke saye. Kaso mai yawa na hada-hadar da aka gani a Phoenix a 2012 na masu zuba jari ne da ke biya lakadan. A shekarar ce kamfanin zuba jari na Blackstone ya kafa kamfanin Invitation Homes, wanda ya sayi dubban gidaje, da dama a wurin gwanjo, ya zuba 'yan haya. Unguwa ta yi fes, farashi ya tashi, amma iyalai da yawa da aka ƙwace wa gida sun koma biyan haya a irin gidajen da a da suke mallaka.