Me ake nufi da "bayanin kayan aiki", kuma yaya ake gane mai kyau?

Duk inda masu rubuta manhaja suka taru a Jos kwanan nan, sai ka ji ana maganar "ejan". Ba na rumfar zaɓe ake nufi ba. Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, dangin Claude da ChatGPT, wadda ta wuce amsa tambaya har ana aikenta: duba min farashi, tura wa wane saƙo, yanka wa wancan rasit. Ni dai ɗan aike nake ce masa.

Ɗan aiken nan ba shi da hannu. Wasu ƙananan manhajoji ake jera masa, kowace da aikinta, su ake kira kayan aiki. Kowanne yana zuwa da suna, da guraben da za a cike masa a tsarin JSON (wani salon jera bayanai da kwamfuta ke iya karantawa), sai 'yan layuka na magana zalla masu faɗin abin da yake yi. Waɗannan layukan su ne bayanin kayan aiki, kuma su da sunan da guraben ne iyakar abin da ɗan aiken yake gani, ba ya leƙa cikin manhajar. Kamfanin OpenAI ya fito da irin wannan tsari a watan Yunin 2023. Da kamfanin Anthropic ya saki MCP, wata ƙa'ida ta bai ɗaya ta haɗa ɗan aike da kayan aiki, a Nuwamban 2024, sai ya zama kowa na iya haɗa kayan aikinsa ya raba wa duniya, nagari da na banza.

Wani ƙanena ya haɗa wa wani dillalin dankali na kasuwar Farin Gada irin wannan ɗan aike. Da na duba, bayanin ɗaya daga cikin kayan kalma huɗu ne: "Yana dawo da farashi." Na ce, Malam, farashin me? Buhu ko kwando? Na sari ko na ɗai-ɗai? Na yau, ko na makon jiya kafin motoci su sauke sabon kaya? Ya ce ai kowa ya sani. To, kowa a Farin Gada ya sani, amma ɗan aiken baƙo ne da bai taɓa taka garin ba. Ga shi an ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa ba kasafai yake tambaya ba, canka yake yi, ya kawo maka amsa da ƙwarin gwiwa kamar ya je ya gani.

Na biyan kuɗin ya fi ba mu dariya. Wasu hanyoyin biyan kuɗi ta intanet a Najeriya da kwabo suke lissafi. Bayanin bai faɗa ba, gurbin "adadi" kawai aka sa. Muka ce a nemi cikon naira 5,000, ɗan aike ya rubuta 5000, takarda ta fito da naira 50. Allah ya so gwaji muke yi.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka miƙa wa wanda bai san aikin ba bayanin, ka ce ya gaya maka yaushe zai ɗauki wannan kayan, me zai cike, yaushe kuma bai kamata ya taɓa shi ba. Duk inda ya yi jim, nan gyara yake.

Amma gani ya kori ji, sai an aiki ɗan aiken. Ka tara buƙatu ashirin ko talatin yadda masu saye ke furta su, har da masu harshen damo irin "Alhaji, kayan jiya fa?" Ka ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ya cike guraben daidai, da sau nawa ya haƙura ya yi tambaya a inda babu kayan da ya dace. Wannan na ƙarshen ne mutane suka fi mantawa. Kada kuma ka tsaya kan amsar ƙarshe, bi sawunsa ka karanta duk abin da ya kira, domin yakan dace da amsa ta karkatacciyar hanya. Ka sauya jimla ɗaya, ka sake gwadawa. Mu a nan muka gano kayan aiki biyu masu suna "duba_kaya" da "nemo_kaya" suna rikita shi, muka haɗe su.

Tsawo ma ana dubawa. Duk kalmar da ke cikin bayanin ana lissafa ta a kuɗin da ake biya, da dala kuwa. Duk da haka a ganina gara layi biyar masu faɗin kwabo da buhu da layi ɗaya mai kyan gani.

Idan kuma kayan aikin wani ka ɗauko a intanet, karanta bayanin da idonka har ƙarshe. A 2025 masu binciken tsaro sun nuna ana iya ɓoye umarni a ciki, kamar a ce wa ɗan aike ya kwashi bayanan sirri ya tura wani wuri, shi kuwa ya bi, tunda a wurinsa maganar maigida ce.