Dokar Amurka ta 1987 kan Horar da Masu Jinyar Tsofaffi

A gidajen kula da tsofaffi na Amurka, wanda ke ɗaga tsoho daga gado, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki, ya riƙa juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, galibi mataimakin nas ne. Bayan rahoton cibiyar Institute of Medicine na 1986 ya fallasa sakacin da ake yi a waɗannan gidaje, majalisar ƙasar ta yi dokar gyara, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a watan Disamba na 1987.

Dokar ta hau kan duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin jinya. Ba a yarda mataimaki ya wuce wata huɗu yana aiki ba tare da ya kammala horo na aƙalla awa 75 ya kuma ci jarrabawa ba, sannan a shigar da sunansa a rajistar jiha. Kafin ma ya taɓa majinyaci, sai an ba shi awa 16 kan hana yaɗuwar cuta, agajin gaggawa kamar ceto wanda abinci ya shaƙe, da kiyaye mutuncin tsoho. Kowace shekara kuma ana ƙara masa awa 12.

Tanadin da ya fi amfanar ma'aikaci shi ne na kuɗi, kuma ya kamata duk mai neman wannan aiki, har da baƙi 'yan Afirka da ke yinsa, ya san shi. Wanda gidan ya ɗauka, ko ya yi wa alkawarin aiki, haramun ne a karɓi ko sisinsa don horo, littattafai ko jarrabawa. Wanda ya biya daga aljihunsa, in ya samu aiki cikin wata 12 da kammalawa, yana da haƙƙin jiha ta mayar masa da kuɗinsa gwargwadon lokacin da ya yi yana aikin.

Sai dai awa 75 ba su kai mako biyu na cikakken aiki ba, kuma a ganina sun yi kaɗan ƙwarai ga mai jinyar tsohon da ciwon mantuwa ya kama. A 2008 cibiyar Institute of Medicine ta ba da shawarar a kai su 120. Fiye da rabin jihohi sun ƙara nasu, amma ma'aunin tarayya yana nan a 75.