Ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba: yadda ake bin sawun sababbi, da yadda ake gane tsohon da aka sauya wa riga

Akwai mutanen da hutunsu shi ne su sayi kwali cike da gutsattsarin roba, su zauna da gam da 'yar wuƙa da hantsaki, wata da watanni, har su tayar da jirgin ruwan yaƙi sak irin na gaske, sai dai yawanci tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Wannan kwali shi masu harkar ke kira kit. Harkar ta fi ƙarfi a Japan da China da Turai da Amurka, kuma ba a shekara sai kamfanoni sun yi shelar sababbi. Wanda ya fara shiga yakan rasa inda zai sa ido. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Su wane ne ke yin waɗannan jirage?

A Japan akwai Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, dukkansu a yankin Shizuoka, sai kuma Pit-Road. A China akwai Trumpeter da ɗan'uwansa HobbyBoss, waɗanda suka fi kowa yawan fitar da manyan jirage a 'yan shekarun nan, da Flyhawk wanda ya yi suna wajen ƙananan jirage masu gutsattsari kamar ƙwayar gero. Koriya ta Kudu na da Academy, Jamus na da Revell, Ingila na da Airfix, Faransa na da Heller, Italiya na da Italeri. Zvezda na Rasha ne, ICM na Yukiren.

Ba sai ka bi su duka ba. In jiragen Japan na Yaƙin Duniya na Biyu kake so, kamfanonin Shizuoka sun ishe ka. In na Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, ka leƙa ICM, wanda ya yi jirgin König da 'yan'uwansa masu ƙira irin tasa.

Mene ne ma'anar 1/350 da 1/700 da ake rubutawa a kwali?

Sikeli ne, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Ɗauki Bismarck na Jamus, mai tsawon mita 251. A 1/700 zai zo kusan santimita 36. A 1/350 kusan 72. A 1/200, wanda Trumpeter ke yi, ya kai mita ɗaya da kwata, sai ka nemo masa teburinsa daban, ka kuma nemi yardar mutanen gida.

Sikelin 1/700 ya kafu ne a 1971, lokacin da kamfanonin Shizuoka huɗu suka haɗa kai suka raba jiragen rundunar ruwan Japan a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa, don kada biyu su ɓata kuɗi a kan jirgi ɗaya. Suka yi su ba tare da cikin da ke nutse a ruwa ba, ta yadda in ka ajiye jirgin a kan tebur sai ka ce yana kan teku. Fujimi ya fice daga haɗakar a 1992, sauran ukun suka shiga sake yin jiragen da ya tafi da su. Tsofaffin kit na Airfix kuwa 1/600 ne, na Heller 1/400, don haka ba sa jeruwa da na Japan.

Ka zaɓi sikeli ɗaya tun da wuri. Rabin labaran da za su riƙa zuwa maka daga ranar ba naka ba ne, ka huta.

Akwai lokacin da aka fi yin shelar sababbi?

Akwai, kuma wanda ya san kalandar ba ya buƙatar raba dare yana duba waya. A watan Janairu Airfix kan bayyana abin da zai fitar a shekarar. Ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ake baje kolin kayan wasa na Nurembag a Jamus, inda kamfanonin Turai da wasu na Asiya ke nuna kasidunsu na shekara. A watan Mayu ake babban baje kolin Shizuoka: kwanakin farko na 'yan kasuwa ne, ƙarshen mako a buɗe wa jama'a, kuma a nan Tamiya da maƙwabtansa ke buɗe abin da suka daɗe suna ɓoyewa. Wajen Satumba ko Oktoba akwai wani a Tokiyo. A Nuwamba kuma masu harkar a Ingila kan taru a Telfod, kamfanoni su zo da abin da ke tafe.

Kamfanonin China ba su cika jiran biki ba. Sukan fitar da kasidar shekara, sannan wata-wata su sa hotunan abin da ya kammala a shafukansu na Facebook da makamantansu.

An yi shelar jirgi yau. Yaushe zai shigo hannu?

Ya danganta da abin da aka nuna maka. In suna kawai ka gani a kasida, ko zanen jirgin yana keta igiyar ruwa, to alkawari ne kurum. Akwai jiragen da suka shekara da shekaru a kasidar wasu kamfanoni da alamar "yana tafe", har waɗanda suka fara jira suka haƙura. In zanen kwamfuta aka nuna, mai launin toka ko shuɗi, an fara aiki amma ba a sassaƙa mazubi ba, wato ƙarfen da ake ɗura robar a ciki. Ranar da ka ga hoton ainihin robar, fara ko ruwan toka, an haɗa ta ba fenti an ɗora a tebur a wurin baje koli, to mazubi ya kammala, saura gyare-gyare. Daga nan yawanci maganar watanni ce.

Kamfanonin Japan sun fi cika alkawari. In sun faɗi wata, da wuya su zarce shi da yawa. Kayan China kuwa a lissafa da hutun sabuwar shekararsu, wajen Janairu ko Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa. Bayan haka kaya sai sun bi teku kafin su isa shagunan Turai da Amurka, shi ya sa za ka ga wani a Asiya ya riga ya haɗa jirgi har ya fente shi, na Landan bai ko taɓa kwalin ba.

In an rubuta "sabo" a talla, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Kalmar tana ɗauke da abu uku daban-daban.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyam ya san cewa ƙirar tukunya tana ga mazubi. Haka robar nan take: ana narka ta a ɗura cikin mazubin ƙarfe da ƙarfi, ta daskare ta fito da siffar gutsattsarin. Sassaƙa wannan ƙarfe shi ne ya fi komai tsada a harkar, kuma in an kula da shi yana aiki shekara hamsin ko fiye. Saboda haka da wuya kamfani ya yar da mazubi.

Sabo na gaskiya shi ne wanda aka sassaƙa masa sabon mazubi. A talla za ka ga an rubuta "new tool". Misali, Tamiya ya yi Yamato, babban jirgin yaƙin Japan, a 1/350 tun ƙarshen shekarun 1970, sannan a 2011 ya sake yin sa daga tushe. Sunan jirgi ɗaya, kamfani ɗaya, sikeli ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin kwalayen biyu, a kyau da a farashi, ba kaɗan ba ce.

Na biyu shi ne tsohon gangar jiki da 'yan sababbin gutsattsari. Jiragen yaƙi sukan zo 'yan gida ɗaya: Yamato da Musashi, Bismarck da Tirpitz, ko Iowa da New Jersey da Missouri da Wisconsin na Amurka. Kamfani ya yi ɗaya, sai ya ƙara faranti ɗaya na roba ya fitar da ɗan'uwansa. Jirgi ɗaya ma yakan sauya kama. Yamato na 1941 yana da igwa a gefe da gefe, waɗanda aka cire a 1944 aka cika wurin da bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Da wannan kamar ya nutse ranar 7 ga Afrilu 1945. Missouri da aka sa hannu kan miƙa wuyan Japan a kansa ranar 2 ga Satumba 1945 ba kamarsa ɗaya da Missouri mai makamai masu linzami na Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ba. Wannan ba ha'inci ba ne, amma ka duba shekarar da aka rubuta kusa da sunan jirgin kafin ka biya.

Na uku shi ne sabon kwali kawai. Wani lokaci kamfani ya sake buga tsohon kayansa, wani lokaci ya karɓo robar wani kamfani ya sa a kwalinsa. Babban jirgin rakiya na ajin Flower da Revell ke sayarwa a 1/72, asalin mazubinsa na Matchbox ne. Airfix dai ya kyauta: ya ware tsofaffinsa a ƙarƙashin sunan Vintage Classics, don mai saye ya san kayan shekarun 1960 da 1970 yake ɗauka. Ba kowa ke yin haka ba. Ni kaina na taɓa yin odar wani jirgi saboda zanen kwalinsa ya tafi da ni, wuta na tashi daga bakin igwa, teku na tafasa. Bayan mako bakwai ya iso. Na juya gangar jikin, sai ga shekarar da aka sassaƙa mazubin a rubuce a ciki, ta girme ni. Robar ta tumbatso ta gefen kowane gutsure kamar ƙullun da ya zubo daga tanda, bindigogin kuwa kauri kamar taɓarya. Na haɗa shi dai, tunda kuɗi sun riga sun tafi, amma kankara ta fi haɗawa yawa.

To yaya zan gane kafin in saya?

Kowane kit yana da lambarsa a gefen kwali. Sa sunan kamfani da lambar a rumbun bayanai na Scalemates, zai nuna maka salsalar kit ɗin: shekarar da aka fara yin mazubin, da duk kwalayen da ya taɓa shiga, a hannun kowane kamfani. Minti biyu ne. Manyan shagunan intanet irin su HobbyLink Japan da Hobby Search da Hannants na Ingila suna da jerin abin da ke tafe da watan da ake sa ran zuwansa, kuma Hobby Search kan sa hotunan abin da ke cikin kwali har da takardar umarni.

Me ya sa kullum Yamato da Bismarck, alhali jirage sun yi yawa a tarihi?

Su ke sayuwa. Wanda zai zuba kuɗi a ƙarfe yana son sunan da ko wanda bai san teku ba ya taɓa ji. Masu harkar sun gaji da yin ƙorafi a kan haka, kuma su ne dai ke zuwa su saya.

Jiragen da ba su yi suna ba sai a wurin ƙananan masu sana'a da ke zubi da rezin (wani ruwan roba mai daskarewa), irin su Combrig na Rasha, ko masu buga gutsattsari da injin 3D, waɗanda suka yawaita a 'yan shekarun nan. Suna yin kaɗan-kaɗan, da tsada, kuma in ya ƙare ba lalle a sake ba.

In kama layi tun kafin ya fito, ko in jira?

In na babban kamfani ne, ni dai shawarata a jira. Mazubi na nan, za a sake bugawa. Cikin wata biyu ko uku da fitowarsa, waɗanda suka riga ka za su nuna ko ɓangarorin gangar jikin suna haɗuwa ba giɓi, ko an yi kuskure a siffar bututun hayaƙi, ko takardar umarni ta rikita lambobi. Mujallu irin su FineScale Modeler na Amurka da Model Art na Japan ma sukan haɗa su su faɗi abin da suka gani.

Inda kafin alƙalami ke da amfani shi ne kayan rezin, da bugu na musamman da ake cusa wa kayan ƙari a kwali ɗaya, don waɗannan in sun wuce sun wuce. Ko a nan, ka fi son shagon da ba ya cire kuɗi sai kaya sun iso hannunsa.

Akwai kuma ciwon da duk mai harkar ya sani: saye ya fi haɗawa sauri. Babban jirgi a 1/350 yana iya cin wata shida na zaman dare, sababbi kuwa ba sa jira. Kwalaye su taru a saman kabad har su taɓa silin.

Mene ne kayan ƙarin da ake ta magana?

Akwai abin da roba ba ta iya yi da kyau: shingen gefen jirgi, tsani, ragar na'urar rada. Waɗannan ana yin su da fallen tagulla siriri kamar takarda, ka yanka ka lanƙwasa da hantsaki, kana riƙe numfashi, don in gutsure ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, sai dai wani ba shi ba. Eduard na ƙasar Cek da Pontos na Koriya ta Kudu sun yi suna a nan. Master na Foland na yin bakin igwa na ƙarfe, wasu kuma na yin daɓen katako na gaske da ake mannawa a saman jirgin. Kayan nan sukan biyo bayan kit da 'yan watanni, wani dalilin jira ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne kuɗinsu ya zarce na jirgin kansa. Wanda bai taɓa gama jirgi ko ɗaya ba, ya bar su tukuna.

Wanda ke Kano ko Zinder fa, yaya zai yi?

Oda daga waje, ko saƙo ta hannun matafiyi. Kwalin 1/350 ba nauyi gare shi ba, girma ne, kuma masu dakon kaya ta sama da girman suke lissafi, sai kuɗin kawowa ya nemi kamo kuɗin kaya, ga kwastan a gaba. Shi ya sa 1/700 ya fi dacewa da mai farawa a nan: kwali uku ko huɗu na shiga jaka ɗaya. Fentin feshi na gwangwani da gam mai kama wuta yawancin shaguna ba sa aiko su ta jirgin sama, don haka ka tambaya kafin ka biya, ka nemi fenti mai haɗin ruwa. Kada ka bar kwali a mota da rana, siraran gutsattsari na lanƙwashewa. In kuma lokacin hunturu ka gama jirgin, ka sa mai gilashi ya yanka maka akwati tun kafin ka ɗaura masa zaren ƙarshe, don ƙurar da ta shiga tsakanin shingen tagulla ba tsumman da zai fitar da ita.