Mene ne LIBS, awon ƙasa da hasken leza?

Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a wutar murhu ya ga yadda harshenta ke komawa rawaya. Idan wayar tagulla ce ta faɗa ciki, sai ka ga kore-kore yana tashi. Kowane sinadari yana da irin hasken da yake fitarwa idan zafi ya kai masa ko'ina, kuma ba ya aron na wani. Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff ne suka kafa wannan ilimi a Jamus wajen 1860, har suka gano sababbin sinadarai biyu ta launin haskensu kaɗai.

LIBS taƙaitaccen suna ne na Turanci na hanyar da ke aiki da wannan dabara, sai dai leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara wuri guda, ita ce ke yin aikin wutar. Ana busar da ƙasa, a niƙe ta, a danne ta kamar ƙwayar magani. Na'ura ta harba mata haske mai ƙarfi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ɗan gurbin da ya taɓa, wanda bai fi kan allura ba, sai ya zama tartsatsi mai zafin dubban digiri. Yayin da yake hucewa, madubi na musamman ya rarraba haskensa kamar bakan gizo, kwamfuta kuma ta karanta: ga ƙarfe, ga kalsiyam, ga fotasiyam, ga dalma. Cikin daƙiƙoƙi an gama, ba asid, ba jiran makonni.

Shi ya sa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora irin wannan na'ura, ChemCam, a kan motar Curiosity da ta sauka duniyar Mars a watan Agustan 2012. Tana auna dutse daga nisan da ya kai mita 7.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalma. A 2010 ƙurar ma'adinin zinariya mai ɗauke da gubar dalma ta gurɓata gidaje a ƙauyukan Zamfara, yara wajen 400 suka rasu. Ido ba ya bambanta irin wannan ƙasa da lafiyayya, kuma duk na'urar da za ta nuna gubar nan take abar nema ce.

Amma manomi ya yi hattara da sakamakon. Na'urar tana faɗin abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, alhali saiwar masara ba ta shan sai abin da ya narke a ruwa. Gona na iya ƙunsar fosfaras da yawa, ƙarfe ya riƙe shi gam, shuka tana ta ƙanƙancewa. Danshi ma yana rage ƙarfin tartsatsin, kuma awon da aka saita da jigawa kan yi kuskure a lakar fadama. Naitirojin, wanda gonakinmu suka fi ƙishirwarsa, yana da wuyar aunawa a fili, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da lezar ke ratsawa shi ne. Kafin a yanke buhu nawa na taki za a zuba, sai an gwada sakamakon da na ɗakin gwaje-gwaje, da ƙasar yankin kanta.