Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin Gojira na 1954

Waɗannan tambayoyi kan Gojira, fim ɗin ƙaton dodon da aka fi sani da Godzilla, sun sha zuwa mini daga masu sha'awar tsofaffin fina-finai, shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda domin in daina maimaita su.

Wa ya shirya fim ɗin, kuma yaushe?

Kamfanin Toho na Japan, a shekarar 1954. Ishiro Honda ya ba da umarni, Tomoyuki Tanaka ya ɗauki nauyin shiryawa, Eiji Tsuburaya ya kula da dabarun hoto, Akira Ifukube kuma ya tsara kiɗa.

Da kwamfuta aka yi dodon?

A'a. Mutum ne a cikin riga. Haruo Nakajima da Katsumi Tezuka su suka riƙa shiga wata riga mai nauyin kimanin kilo 100, suna tattake ƙananan gine-ginen Tokyo da aka ƙera da hannu. Ana gudanar da kyamara da sauri lokacin ɗauka, ta yadda idan an haska, ginin zai rushe a hankali tamkar na gaske.

Ba fim ɗin yara ba ne na ban dariya?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, kuma galibin masu yin ta ba su kalli fim ɗin ba, sun ga waɗanda suka biyo baya ne inda dodanni ke dambe. A ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, tokarsa kuma ta zubo a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru da mutum 23 a ciki. Dukansu sun kamu da rashin lafiya, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba, mutane kuma suka shiga tsoron cin kifi. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba, ya buɗe da ma'aikatan jirgin ruwa da wani haske ya lashe su a teku. Masu kallon da suka zauna a sinima a lokacin, shekara tara kacal bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, ba sa bukatar wani ya yi musu bayani. Ku kalli wurin da wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta na matsowa, tana lallashinsu da cewa sun kusa tarar da mahaifinsu, sannan ku dawo ku ce mini abin dariya ne.

Me ya sa dodon yake daɗewa bai fito ba?

Da gangan ne. Labarin yana farawa da jirage masu ɓacewa, sai tsohon tsibirin Odo da ke ba da labarin dodon teku na kaka da kakanni, sai sawun ƙafa, sai kai ya leƙo ta bayan tudu. Fina-finan manyan dodanni da suka biyo baya sun ci gaba da bin wannan tsari, don haka ku yi haƙuri da shi.

Wane kwafi ya kamata in nema, kuma yaya zan gane wanda ke hannuna?

A nan sai na ɗan tsawaita, domin amsar ta danganta da abin da mutum yake nema. Akwai na asali na Japan mai kusan minti 96, akwai kuma wanda aka sake yi wa tsari a Amurka a 1956 mai kusan minti 80, inda aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida mai ba da labari. Duka biyun baƙi da fari ne, saboda haka launi ba zai raba muku gardama ba. Hanya mafi sauƙi ita ce duba farkon: idan kun ga Tokyo ta riga ta rushe, wani Bature yana kwance da rauni cikin ɓaraguzai, to na Amurka ne, idan kuwa kun ji takun ƙafa da ruri a kan baƙin allo mai rubutun Japananci, na asali ne. Shawarata a fara da na asali, domin na Amurka ya datse mafi yawan maganganun da suka shafi bam, har da gargaɗin da Dakta Yamane, wani masanin kimiyya a cikin labarin, ya yi a ƙarshe cewa muddin aka ci gaba da gwaje-gwaje wani dodon na iya bayyana. Sai dai ba zan ce na Amurkan banza ne ba, tunda shi ne ya kai dodon ƙasashe da yawa, kuma ga wanda karanta fassara a ƙasan allo ke yi wa wuya, zai iya zama mafari, muddin ya san cewa an rage masa wani abu. Idan da yara za a kalla, a yi la'akari da shekarunsu, domin akwai wurin da ake auna wani yaro da na'urar gano gubar nukiliya a asibiti, kuma ba kowane yaro zai ɗauke shi ba. Wanda ya riga ya kalli na Amurka kawai, kada ya damu, a can ma sai a 2004 aka haska na asalin a sinimomi yadda ya kamata.

Yaya aka yi rurin?

Ifukube ne ya samo dabarar: safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro, aka goga a kan tsirkiyar babban goge, aka rage saurin sautin.

Wane ne jarumin labarin?

Mutane sukan ce Ogata, saurayin Emiko 'yar Dakta Yamane, amma nauyin labarin yana kan Dakta Serizawa, wanda Akihiko Hirata ya fito a matsayinsa. Ya gano wani makami da ke kashe iskar shaƙa a cikin ruwa, ya ɓoye shi don tsoron kada 'yan siyasa su mai da shi abin yaƙi. Da aka matsa masa ya yarda, sai ya ƙone takardunsa, ya nutse ƙarƙashin teku ya kashe dodon, sannan ya yanke igiyarsa domin kada a tilasta masa ƙera wani. Don Allah a daina tsallake waɗannan wurare don gaggawar ganin rushe-rushe, domin saboda su aka yi fim ɗin.